Fes Bodi Sau Ɗaya Ake Samunsa

Ɗana, bari in fara da motar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, irin mai kwanciya a ƙasa kamar damo, wadda in ta yi gurnani sai kajin unguwa su watse. Wani ɗan 'yar'uwata ne ya shigo da ita garinmu Birnin Gwari bayan kaka, da kuɗin masararsa da ɗan abin da ya samu a wajen haƙar zinari. Ranar da ya iso, har dattawan da ke zaune a gindin masallaci sai da suka ɗaga kai. Na zagaya ta sau biyu, na shafa kafaɗarta da bayan hannu, na leƙa ƙarƙashin robar ƙofa, na ce masa ya yi dace, fentin kamfani ne, ba wanda ya taɓa shi. Wata biyar tsakani ya kawo mini ita, ransa a ɓace. Rufinta ya dushe ya yi fari-fari kamar leɓen mai azumi, kusurwoyinta sun ƙuje, bonet ya cika da zane. Bai yi karo ba, ba kuma wanda ya kankare masa ita don hassada. Ƙauna ce ta yi mata wannan aika-aika: kullum da safe sai ya share ta da tsumma, kullum da dare sai ya lulluɓe ta da tamfol ɗin shanyar masara.

Ni mai fenti ne. Ina yaro aka kai ni Kaduna koyon sana'a, a shekarun da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake fitar da 504 kamar ana toya ƙosai. Na yi shara a gareji, na wanke bindigar fenti da tina har fatar hannuna ta saɓule, na yi yawon Panteka neman launin da zai dace da na tsohuwar ƙofa. Abin da zan gaya maka, wani na gan shi a motocin mutane, wani kuma da hannuna na ɓata kafin in gane. Kada ka ɗauke shi faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na kuma ga lokacin maganar ya yi. A shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, daga Buruku zuwa Udawa har Kuriga, ba mai tunanin shigo da mota mai sheƙi. Wanda yake da ita ma a Kaduna yake barin ta ya hau ta haya. Tun ƙarshen 2024 da aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar dabbobi, an sami ɗan sauƙi, Allah ya ɗorar da shi. Yanzu samari da 'yan mata ma'aikata suna dawowa gida da motocinsu, kuma da wuya ka ga mai gareji. Gidajenmu ba don mota aka gina su ba, zaure ne da ƙofar da jaki zai wuce da mangala. A waje mota take wuni, a waje take kwana.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne kaurin abin da kake tattali. Fentin mota hawa-hawa ne. A kamfani ana tsoma gangar jikin motar ɗungurungum cikin wani tafkin magani da lantarki ke manna wa ƙarfe don kada tsatsa ta kama. A kansa a fesa firaima, a kan firaima a fesa launi, sannan a rufe da wani ruwa garai-garai marar launi, wanda mu a gareji muke ce wa kiliya. In ka haɗa hawa huɗun nan, a galibin motoci tsakanin maikiron 100 zuwa 150 ne, wato kaurin takardar littafin makaranta guda, ko ɗan fiye. Kiliyar ita kaɗai 40 zuwa 50 ce, rabin takarda ke nan. Ita ce sheƙin da kake gani, ita ce kuma take tare hasken rana kada ya cinye launin da ke ƙarƙashinta. Yawancin motocin da na koyi aiki a kansu ba su da ita. In farar 504 ta dushe sai ka goga mata folish, tsumman ya yi fari, sabon launi ya fito daga ƙasa. Tun wajen shekarun 1980 kamfanoni suka koma wa kiliya, sheƙi ya ƙaru, amma wancan rangwamen ya ƙare. Fatar mutum in ta ƙuje tana tofowa. Kiliya in ta tafi, ta tafi ke nan.

Za ka ce ai akwai masu fenti, ga ni ma da shi nake cin abinci. Gaskiya ne, kuma zan gaya maka abin da ba kowane mai fenti zai faɗa ba. A kamfani ana gasa fenti a zafin da ya kai wajen digiri 140, lokacin motar ƙarfe ce zalla, ba gilashi, ba roba, ba waya, ba kujera. Mu in mun yi ƙoƙari, a gareji mai ɗakin gashi, digiri 60 zuwa 70 muke kaiwa, don in mun zarce haka kayan roba su lalace. Wanda ba shi da ɗakin kuma rana ce obin ɗinsa, ƙura da ƙudaje abokan aikinsa. Shi ya sa dillalan Kaduna da Kano, kalmar da suke fara jefa wa mai saye ita ce "fes bodi", wato fentin kamfani ne, ba a taɓa shi ba. Shi ya sa kuma ranar da za ka sayar, mai saye zai zagaya ta yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa tun kafin ya tambayi lafiyar inji.

To mu zo kan tsumma, don shi ne babban mai laifi. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu daga nesa yake tafe. Kaso mai yawa iska ce ke kwaso shi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari, ƙurar da har teku take tsallakawa ta sauka a dajin Amazon. A ido kamar garin alabo take, amma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi, irin dutsen da har gilashi yana zanawa, balle fenti. Ka haɗa da jar ƙurarmu ta gida da babura ke tayarwa. In ta kwanta a kan bonet, ba ta yin komai. Ranar da ka ɗora mata busasshen tsumma ka murza, ka ƙera samfefa da hannunka. Je ka tsaya a gefen baƙar mota da tsakar rana ka dubi inda haske ya faɗa: za ka ga zare-zare suna kewaya shi kamar saƙar gizo. Kowane zare, shafa ɗaya ce ta mai ƙauna.

Na san abin da ke sa ku. Za ka ɗaurin aure, mota ta yi butu-butu, ba ruwa kusa, abokai suna ta kira. Fita da ita a haka. Ƙura a hunturu ba abin kunya ba ce, kowa ya san garin, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanke gilashi da fitilu da ɗan ruwan da ke hannu, ka bar jikin sai ka sami wanda zai isa. Ka kuma lallaɓi yaran gida su daina rubuta "a wanke ni" da yatsa. Na sha ganin rubutun nan ya zauna daram bayan an wanke ɗin.

Wankan ma da ladabinsa. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ka fara taɓa bonet da tafin hannu, in da zafi ka jira. Ruwa zalla za ka fara watsawa, mai yawa, daga rufi zuwa ƙasa, har ƙurar ta gangara da kanta kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tawul, don yashin da ka kwaso ya kwanta a gindin na biyun maimakon ya koma jikin mota. Tawul mai laushi, irin wanda shagunan kayan mota ke sayarwa da sunan maikurofaiba. Tsohuwar singileti da buhun leda ka bar wa wankin babur ɗin kai taki gona. Na tayoyi da madigad daban, kuma su ne na ƙarshe. Tawul in ya faɗi ƙasa, ya gama aikin ranar. Ka riƙa ja a miƙe, kada ka riƙa kewayawa kamar mai wanke ƙwarya. In ka gama ka tsane ta, don ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, in suka bushe a rana sai su bar fararen zobba da ke cin kiliya a hankali. Ruwan da ya fi kowanne shi ne na indararo, bayan ruwan farko ya wanke rufin kwano. In kana da ganga, tara shi.

Sai Omo da sabulun wanke-wanke. An yi su ne don su cire maiƙo, kuma duk wani kaki da ka shafa wa mota maiƙo ne a wajensu. Wanka ɗaya ba zai kashe fenti ba, amma zai tuɓe masa riga, ya busar da robobin tagogi su fara tsagewa. Sabulun mota na ruwa, murfin kwalba ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Wata dabara kuma da na sha gani a wuraren wankin mota ita ce zuba kananzir ko man dizal a ruwan ɗauraya. Mota ta fito tana walƙiya, mai ita ya ji daɗi har ya ƙara wa yaro na shan ruwa, kafin ya kai gida ƙura ta manne mata kamar ƙuda a kan mazarƙwaila. Kyan ɗan maciji ke nan. Yaran ba mugunta suke yi ba, haka suka tarar ana yi. Kai ne za ka je da sabulunka da tawul ɗinka ka tsaya a kansu, sau biyu sau uku, har su san halinka.

A maganar inuwa ne hankalin ɗan ƙasar daji yake yaudararsa. Mu da muka tashi a bakin dajin Kamuku, mun saba duk inda rana ta yi zafi a nemi gindin itace, kuma ga mutum haka ne daidai. Ga mota sai an zaɓa. Mangwaro in yana fure, wasu ƙananan ƙwari da ke tsotson ganyensa suna zubo da wani danƙo mai zaƙi, ka wayi gari rufin mota ya yi yauƙi, ƙura ta bi ta manne. Darbejiya da malaina suna zubar da 'ya'ya, su fashe, su bushe a jiki. Cediya da ɓaure da gamji ga ƙaro ga taron tsuntsaye. Yazawa kuwa, wanda ya san yadda ruwanta ke ɓata riga har abada ba sai an gaya masa ba. Kuma duk itacen da ya yi 'ya'ya, jemage zai zo masa da dare, musamman lokacin mangwaro da kaɗanya, abin da yake zubarwa kuma in ya kwana biyu a rana sai ya bar tambarinsa.

Kashin tsuntsu ɗan hakin da ka raina ne. Tsuntsu ba ya fitsari daban, wancan farin da kake gani shi ne fitsarinsa, kuma yana da tsami mai cin fenti. Ga zafi kuma: da rana kiliya tana ɗan laushi ta buɗe, da dare ta yi sanyi ta tsuke, sai ta tsuke a kan siffar busasshen kashin. Ka wanke, kashi ya tafi, hotonsa ya zauna. In balbela suna kwana a wani itace, dubi ƙasan wurin ka ga yadda ya yi fari fat, ka yi nesa da shi. Maganin kuwa ba ya cin ko sisi. Ajiye ledar ruwa ɗaya da ɗan tawul a cikin mota. Da ka gani, jiƙa tawul ɗin sharkaf, ka ɗora a kai, ka bar shi minti biyar zuwa goma, sannan ka ɗauke kamar mai ɗaukar wainar da ta nuna. Kada ka kankare da farce, kada ka murza, don akwai tsakuwa da ƙwallon 'ya'yan itace a ciki. Haka za ka yi wa ƙwarin da ke fashewa a gaban mota in ka yi tafiyar dare da damina, musamman daren da shinge ya tashi.

Ban manta da akuya ba. Ita a wajenta bonet tsani ne zuwa ganyen da ke sama, kuma mota mai kwanciya a ƙasa ta fi mata sauƙin hawa. Na taɓa fentin rufin wata mota da ke da sawun kofato tun daga bamba har gilashin baya, mai ita yana ta rantsuwa maƙiya ne. Sannan ga iskar farkon damina, wadda take karya reshe ba ta tambayi na wane ne a ƙasa ba.

Rigar mota fa? Tana da amfani, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne samari suke tsallakewa. Ba a sa wa mota riga sai tana da tsabta kuma a bushe. In ka lulluɓe ta da ƙura a jiki, iskar hunturu ta kwana tana kaɗa rigar, to kwana aka yi ana goga mata samfefa, kuma kusurwoyi da bakin rufi ne suke fara ƙujewa. Tamfol ya fi muni, don ga kaushi ga rashin numfashi: raɓa ta shiga ba ta fita, rana ta fito ta dafa ta a ciki, kiliya ta yi hazo. Abin da ya sami jar motar nan ke nan. In za ka sa riga, nemi wadda aka ɗinka daidai jikin motar, mai laushi a ciki, mai barin iska ta ratsa, ka ɗaure ta tamau, ita ma kuma ka riƙa wanke ta. In motar kullum kake hawa, ba za ka iya wanka kullum ba, ni dai a ganina ka haƙura da rigar.

Abin da ya fi riga da kaki da duk wani magani na kwalba shi ne rumfa. Kakanninmu ba sa sayen doki sai sun kafa turke sun yi masa inuwa, ga shi mu muna sayen abin da ya fi doki goma tsada mu bar shi a rana. Hasken rana yana karya kiliya a hankali, rufi da bonet da but su ne suke fara nunawa, su yi fari, sannan su fara saɓa kamar maciji. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu sun fi shan wuya. Baƙar mota a watan Afrilu hannu ba ya iya zama a kanta. Fara da ruwan toka sun fi haƙuri da ƙasarmu, sun kuma fi ɓoye zane, in har ba ka riga ka saya ba ka sa wannan a lissafi. Rumfar ba sai ta ƙasaita ba: ginshiƙi shida, kwano, a ɗaga ta yadda iska za ta ratsa. Ka duba yadda magina na dā suke kare bangon gabas, don daga can hadari ke tasowa; ka kafa zana ta gabas da arewa, ita za ta tare maka ruwa da damina da ƙura da hunturu, ka ƙara wata ta yamma saboda ranar la'asar. Ƙasan ka zuba tsakuwa ko ka yi daɓen siminti, don ciyawa tana riƙe laima, tana kuma gayyato ɓera mai cin waya. Ka shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon ko ka toshe inda tattabaru da kaji za su sami wurin kwana, in ba haka ba ka gina wa tsuntsaye masauki ne a kan motarka. Tsohon kwano mai tsatsa kuma yana ɗigo da jan ruwa mai ɓata farar mota. Ba a fafe gora ranar tafiya: rumfar ta riga motar zuwa.

Akwai wani abu namu na nan da ba za ka ji shi a bakin mai sayar da kayan mota a Abuja ba, wato toka. Bayan kaka ana ƙona daji da gonaki, ga masu gawayi, ga murhun gida. Tokar tana tashi ta sauka a kan mota, raɓa ta jiƙa ta da asuba. Tambayi kakarka me ruwan toka yake yi, da shi ake dafa sabulun salo. In ka ga an yi ƙuna kusa, ko baƙin ɓurɓushi ya sauka, watsa mata ruwa mai yawa da safe tun rana ba ta yi ba, kada ka share. Haka feshin siminti da farar ƙasa in ana gini a maƙwabta, matsar da motar kawai. Man burki kuwa in ya ɗiga a fenti cikin ɗan lokaci yake tayar da shi, haka ruwan batir. In bakanike zai ƙara maka, ka tsaya da ruwa a hannu. Fetur ɗin da ke zuba a bakin tanki, musamman in da galan aka ɗura, ɗauraye shi nan take.

Kaki yana taimako, kuma ba shi da wuyar shafawa. Wanda aka fi sani ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Barazil, sunanta kanoba. A ranarmu ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. Na haɗin kamfani yana kai wata huɗu ko fiye. Ka shafa siriri a inuwa, bayan wanka, ka bari ya yi hazo, ka goge da tawul mai tsabta. Gwajinsa ruwa ne: in ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, kakin yana nan, in ya baje, lokaci ya yi. Sau biyu ba sa wuce ni a shekara, ƙarshen Oktoba kafin hazo, da Afrilu kafin ruwa. Yanzu a manyan birane ana shafa wani mai suna siramik, wanda yake daɗewa shekara ko fiye, yana kuma sauƙaƙa wanka. Yana da kyau in hannun ƙwarai ya shafa, amma kada wani ya ce maka yana hana tsakuwa ko ƙaya. Mai hana tsakuwa wata leda ce mai kauri, garau, da ake manna wa gaban mota. Asalinta don fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka aka yi ta. Tana da tsada, ta arahar kuma rawaya take komawa, kuma in an manna ta a kan fentin gareji, ranar ɓarewa tana iya tahowa da shi. In an yi maka sabon fenti, kada ka shafa masa komai sai ya yi wata ɗaya zuwa biyu yana shan iska.

Bari in tona wa kaina asiri a kan bofin, wato goge fenti da inji. Ina sabon samun 'yanci daga koyon sana'a, wani alhaji ya kawo mini shuɗiyar mota mai ɗan zane a bonet. Na ɗauki injin gogewa ina so in burge shi. Zanen ya tafi, sheƙi ya fito, na ce bari in ƙara kaɗan. A kan ƙashin bonet, inda fenti ya fi siriri, sai na ga soson ya yi shuɗi. Na huda kiliya. Garin gyaran gira na tsone ido, na fenta bonet ɗin da kuɗina, motar kuma ta bar sahun fes bodi a hannuna. Abin da na koya ranar shi ne, bofin ba ya cike zane, kiliyar da ke kewaye da zanen yake kankarewa har ta sauko daidai da shi. Kowane bofin ciro ne daga rabin takardar nan. Saurayin da ke kai motarsa a yi mata duk sallah, nan da 'yan shekaru zai zo wajena. Ja farcenka a kan zanen a hankali. In farce ya maƙale, ya yi zurfin da inji ba zai gyara ba, sai a cike.

Hanya ma tana cin nata rabon. Motar da aka ƙera don santsin titin Turai da Amurka, hancinta a ƙasa yake, duk tsakuwar da babbar mota ta harbo ita take tarewa. Ko ta Kaduna ka bi, ko ta Funtuwa, ko ta Tegina, ba wa tirela da tifa tazara. In ka shiga hanyar gona, ƙaya da rassa suna jan layi a gefe daga fitila har but. Wannan aikin babur ne. Inda tsakuwa ta fasa har ƙarfe ya bayyana, kada ka bar shi ya ga damina. Lambar launin motarka tana jikin wani ɗan faranti ko sitika, galibi a ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, da ita ake haɗa maka ɗan kaɗan ka ɗiga da tsinken ashana. Ke kuma 'yata, kafin a samu wannan, jan farcenki marar launi yana toshe ramin na ɗan lokaci. Jar lakar da ke taruwa a cikin madigad ita ma a riƙa banko ta da ruwa, don tana riƙe laima, tsatsa ta faro daga ciki, sai dai ka ga fenti ya yi ƙuraje a bakin taya.

In kuma saye za ka yi, je da rana, kada ka yarda da hasken fitila ko motar da aka jiƙa. Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke zuwa, a gyara su a Kwatano ko Legas. Ɗaga robar ƙofa ka ga ko akwai feshi a kanta, gwada launin ƙofa da na madigad, bi jikin da ɗan maganaɗisu a nannaɗe cikin hankici. Inda ya saki akwai fila, wato cikon da aka toshe lotsawa da shi. Sai dai ka sani wasu bonet na alminiyom ne, wasu motocin tseren ma, irin Corvette, tun 1953 jikinsu ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya kama su.

Wata magana ɗaya, ita ba ta fenti ba ce, amma kai ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da muka gani. Rumfar da ke cikin katanga ta fi wadda ke bakin titi. Rana ba ita kaɗai ce ke kallon mota mai sheƙi ba.

Jar motar kuwa, mun yi mata abin da ya samu. Na wanke ta da kaina, na bi bonet da inji sau ɗaya tak, a hankali, zanen da ya ƙi fita na bar shi. Rufin na gaya wa yaron gaskiya, kiliyar ta yi siriri, ban taɓa ta da inji ba, kaki kawai na shafa. In ya kiyaye za ta kai shi wasu shekaru kafin ta nemi fenti. Tamfol ɗin ya koma wajen masara. Makon jiya na bi ta ƙofar gidansu na tarar an fasa katanga ta kudu an sa ƙyaure, an kafa ginshiƙai, shi da ƙaninsa suna saman tsani suna jayayya a kan ko bandir ɗaya na kwano zai isa. Motar tana gefe, ta yi butu-butu da ƙura, ba wanda ya taɓa ta.